Jirgin da Kaka Ya Ƙi Ba Hanya

A wani ƙauye da ke arewacin Ingila, kusa da garin Settle, akwai wani tsoho da ya yi aikin jirgin ƙasa fiye da shekara talatin, amma bai taɓa tuƙa jirgi ba. Zaman ɗakin sigina ya yi. Shi ke jan manyan sandunan ƙarfen nan da ke buɗe wa jirgi hanya ko su tsayar da shi, a layin dogon da ya tashi daga Settle ya ratsa duwatsu zuwa Carlisle, wanda aka buɗe wa fasinjoji a 1876. Da ya yi ritaya, sai ya hau ɗakin da ke ƙarƙashin rufin gidansa ya sake gina layin da hannunsa, a ƙaramin siffa. Kowane abu ya rage girmansa sau 76, kamar yadda masu wannan sha'awa suka saba a ƙasar, tsakanin dogo da dogo milimita 16.5. Har gadar Ribblehead ya yi, sai dai ta ainihi bakunanta 24 ne, tasa kuwa tara, don nan bango ya tare shi.

Kada mai karatu ya ɗauka wasan yara ne. A Ingila da Jamus da Amurka, masu furfura ne suka fi ƙwallafa rai a kan waɗannan jiragen, kuma kamfanoni irin su Hornby da Märklin sun daɗe suna cin abinci da su.

A cikin kawunan jiragen da tsohon ya tara, akwai wanda ya fi so, shuɗi mai rawayar fuska, kwaikwayon kan jirgin dizal da ake kira Class 47, wanda aka ƙera guda 512 tsakanin 1962 da 1968. Ɗan ƙwan fitilar da ke cikinsa tsohon yayi ne, mai zare a ciki, kuma zafinsa har ya fara lanƙwasa robar rufin. Tsohon ya sayo ƙwayayen LED tun bara, ya sayo dikoda, ya ajiye. Hannu ne ya ƙi. Da ya ɗauki ƙarfen narka dalma sai yatsu su kama rawa, ido kuma ba ya rabe siririyar waya da gashin kai.

Ana nan sai jikansa ya zo hutu daga birni. Shekararsa 15, kuma a makarantarsu shi ke canza wa abokai gilashin waya idan ya fashe. Yaron na da hannu, wannan ba a musa masa. Abin da ya rage masa shi ne haƙuri.

"Kaka, wannan ai aikin minti goma ne," in ji shi, yana jujjuya ƙwan LED a tafin hannu.

"To, ga tebur," tsohon ya ce, ya ja kujera ya zauna gefe.

Yaron ya san ƙwan LED yana da gaba da baya. Doguwar ƙafa ita ce fozitib, gajeruwar negatib, kuma idan aka juya shi ba ya kamawa. Don ya nuna wa kakansa, sai ya zaro batir ɗin nan mai kama da kwabo, mai bolt 3, ya matse shi tsakanin ƙafafun ƙwan. Haske ya fito fari tas. Ya yi murmushi, ya ɗauko batir mai bolt 9 da ke kan tebur, wai ya ga iyakar hasken. Tsohon ya buɗe baki, sai kuma ya rufe. Ƙwan ya yi wani irin walƙiya, aka ji ɗan ƙara ƙas, shi ke nan. Ya mayar da shi kan ƙaramin batir, shiru.

"Maras kyau aka sayar maka," yaron ya ce.

"Gwada wani."

Ya gwada wani, shi ma ya bi ɗan'uwansa. Sai a nan ya ɗago kai.

Tsohon ya jawo wani gwangwanin taba da ya daɗe da komawa ma'ajiyar tarkace, ya zazzage shi a kan farar takarda. Ƙananan rizista ne, kowace da zobba masu launi a jikinta. Ya ce, "Tsohon ƙwai mai zare, idan ya yi zafi, shi da kansa yake rage wutar da ke shigarsa. Wannan sabon bai san ya ƙoshi ba. Ka taɓa ganin tunkiyar da ta faɗa cikin ɗanyar ciyawa mai maiƙo bayan yunwa? Ci take yi sai ta kumbura ta faɗi. Da zarar ƙarfin wuta ya wuce abin da ƙwan yake bukata, duk abin da aka ba shi zai haɗiye."

"Amma ƙaramin batir bai kashe shi ba."

"Ƙaramin batir ba shi da abin bayarwa da yawa, shi ya cece ka. Ka saba da mai rowa, ka ɗauka kowa haka yake."

Suka yi lissafi a bayan ambulan. Dikodar, wato ɗan allon da ke karɓar umarni ta cikin dogo ya sarrafa inji da fitilu, tana fitar da kimanin bolt 13 a layin tsohon. Farin ƙwai yana cin kimanin bolt 3. Saura 10, kuma wannan ragowar ita rizista za ta ɗauke. Idan aka sa mai om 1,000, wutar da za ta ratsa ƙwan miliamfa 10 ce, rabin iyakar da aka saba rubuta wa irin waɗannan ƙwayaye. Yaron ya tona cikin tarin da hantsaki har ya samo mai zobe ruwan ƙasa da baƙi da ja. Ya ɗaga ta sama yana kallo. Kuɗinta bai kai na alewa ba, ba ta haske, kuma idan an rufe jirgi ba mai sake ganinta.

Wayoyin dikoda ba su ba shi wahala sosai ba, domin launukansu a tsare suke tun farkon shekarun 1990, lokacin da ƙungiyar NMRA ta Amurka ta ɗauki tsarin kamfanin Lenz na Jamus ta mai da shi ƙa'idar kowa. Ja da baƙa su ke ɗebo wuta daga dogo, ruwan lemo da ruwan toka su tafi inji, fara ta kunna fitila idan jirgi ya yi gaba, rawaya idan ya yi baya. Shuɗiyar ce kawai ta so ta yaudare shi. Tunda ita ce duk fitilu ke tarayya a kanta, ya ɗauka negatib ce, alhali fozitib ce. Wannan karon bai yi gardama ba, ya sa mita ya duba.

Ƙwayayen da za su shiga cikin jirgin ba masu ƙafa ba ne. Irin waɗanda ake kira 0603 ne, tsawonsu milimita 1.6, faɗi 0.8, an riga an liƙa musu wayoyi sirara masu rufin fenti. Guda ya suɓuce daga bakin hantsaki ya faɗa tsakanin katakan daɓe, har yau yana can. Yaron ya tsara abinsa da wayo: idan jirgi ya yi gaba, farin ƙwai ya kama a goshi, ja ya kama a baya, duka a kan farar waya. Idan ya juya, su yi musanya a kan rawaya. Sai ya ga wuri ya yi ƙaranci a ƙarƙashin rufin, ya ce a ransa, me zai sa a yi ta jera rizista huɗu? Fari da ja ai waya ɗaya suke bi, rizista ɗaya ta ishe su.

Ya haɗa, ya ɗora jirgi a dogo, ya danna maɓallin fitila. Ja ya kama raɗau. Fari ko ƙyaftawa bai yi ba.

Ya cire farin ya sa wani. Haka. Ya sake narka dalma, ya kankare bakin waya, ya busa, ya sake. Haka. Gumi ya fara tsattsafo masa, ga ɗakin rufi da zafi a watan Agusta. Tsohon yana zaune yana shan shayi, ya bar shi ya kai maƙura tukuna. Ni dai a ganina nan ne gwanintar tsohon take, domin da ya faɗa masa tun farko, da ta kunnen hagu za ta shiga ta fita ta dama.

"Cire jan ka gani," ya ce daga ƙarshe.

Yaron ya ɗage wayar jan ƙwai. Nan take farin ya haskaka.

"Kai! To me ya haɗa su?"

"Ja yana buɗe ƙofarsa tun wuta na bolt 2. Fari sai ta kai 3. Ka haɗa su a bayan rizista ɗaya, ja ya riga ya buɗe, ya riƙe ƙarfin wutar a nan, ba za ta taɓa hawa inda fari yake jira ba. Ba mugunta ya yi ba, halittarsa ce."

Dalilin bambancin kuwa yana cikin tarihinsu. Jan LED shi ne babba, Nick Holonyak ya fito da shi a 1962 a kamfanin General Electric. Shuɗi mai haske ya gagari masana shekara talatin, sai a 1993 Shuji Nakamura ya cim masa a kamfanin Nichia na Japan, aikin da ya sa shi da Isamu Akasaki da Hiroshi Amano suka sami kyautar Nobel a 2014. Farin da muke gani a tocila da fitilar caji shuɗi ne a asali, an shafa masa wani sinadari mai rawaya a sama. Shuɗin haske kuwa ya fi ja cin ƙarfin wuta. Saboda haka kowane ƙwai da tasa rizistar, ko da wuri ya matse. Yaron ya nemo musu gurbi a gefen injin, ya zura wa kowane haɗi ɗan bututun robar nan da ke tsukewa idan ya ji zafi, don kada tsirarar waya ta taɓa ƙarfen gindin jirgi ta ƙona dikoda.

Da aka rufe jirgin aka kashe fitilar ɗaki, sai ga shi duk goshinsa yana ƙyalli, haske na ratsa robar har ta rufi, yana dallare bangon can ƙarshen ɗaki. Yaron ya ji daɗi. Tsohon ya kare ido da hannu.

"Wannan jirgi ne ko motar 'yan sanda?"

Ya bayyana masa cewa a zamanin da yake kwaikwayo, farkon shekarun 1970, jiragen Ingila ba su da babbar fitilar haska hanya. Abin da ke goshinsu akwati ne mai haruffa da lambobi huɗu, da 'yan ƙwayaye a bayansa masu haske dishi-dishi, don mai sigina ya karanta ya san wane jirgi ne da inda ya nufa. A 1976 aka daina amfani da lambobin, fitilu masu ƙarfi kuma sai a shekarun 1980 suka yaɗu. Aka sake buɗewa. Aka shafe cikin goshin da baƙin fenti don haske ya daina ɓullowa ta inda ba a so, aka canza ƙwai zuwa fari mai ɗan ja-ja irin na fitilar da, aka sa rizista mai om 10,000, wadda ta mai da wutar miliamfa 1 kacal. Yaron ya yi ta ƙunƙuni, wai an sa shi ya kashe abin da ya sha wuya ya kunna. Amma da jirgin ya fito daga ramin dutse da lambobinsa suna ɗan haske, shi ma ya yi shiru.

A daren nan suka ɗaura masa taragu shida. Yaron ya riƙe na'urar tuƙi, tsohon ya zauna gaban 'yan sandunan siginarsa, waɗanda ya ƙera su yi aiki kamar na gaske, har da ƙararrawa. Jirgi ya taso, ya hau gada, ya wuce gaban ɗakin sigina. Da ya zagayo, sai ya tarar da hannun sigina a miƙe, alamar tsaya.

"Kaka, buɗe mana."

"Ba zan buɗe ba."

"Me kuma ya faru?"

"Dubi bayan kan jirginka."

Tsakanin kan jirgin da taragon farko, 'yan jajayen fitilu biyu na ci, suna haska fuskar taragon. Taragon ƙarshe kuwa duhu.

"Ai haka kowa yake yi! Har waɗanda ake sayarwa a kanti da yawa haka suke zuwa. Wa zai lura?"

Tsohon ya ajiye kofinsa. Ya ce jar fitila a layin dogo magana ɗaya take yi, ita ce jirgi ya ƙare a nan. Ba ado ba ce. Ana rataye ta a bayan abin da ya zo ƙarshe, tarago ne ko keken gadi, kuma kan jirgi ba ya kunna tasa sai idan shi kaɗai yake tafiya. A tsarin da ya yi aiki da shi, an yanka layi gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa tsakanin ɗakin sigina biyu, kuma jirgi ɗaya tak ake bari a cikinta. Mai sigina ba ya buga wa na bayansa ƙararrawar cewa jirgi ya fita, bugu biyu, a ɗan tsaya, sannan ɗaya, sai ya ga jar fitilar da idonsa. Dalili kuwa, a lokacin yawancin jiragen kaya taragunsu ba su da birkin da ke kama kansa. Idan ƙugiya ta tsinke a hawa, direba na iya tafiya da rabin jirgi bai sani ba, sauran su tsaya cikin duhu, ko su gangaro da baya. Layin nasu kuwa hawa ne na mil da mil, ƙafa ɗaya a kowace ƙafa ɗari.

"Yanzu ka ce kan jirginka ya tsinke daga taragunsa ya zo ya wuce ni da jar fitila a bayansa. Me zan gani? Cikakken jirgi. Sai in ba na baya hanya, ya taho a guje da mutane a ciki."

Duk wanda ya yi sigina a wannan layi, in ji shi, da labarin Hawes Junction aka yaye shi. A can ne, da asubahin 24 ga Disamba 1910, aka manta da kawunan jirgi biyu a kan babban layi, aka ba jirgin fasinja mai zuwa Scotland hanya, ya same su daga baya, mutum 12 suka mutu. Can mantuwa ce ta jawo, amma darasin da ake cusa wa sabon ma'aikaci ɗaya ne: kada ka ce layi a buɗe yake sai ka tabbata.

"Kai ka taɓa ganin jirgi ya wuce ba fitila?" yaron ya tambaya. Muryarsa ta sauka.

"Na gani. Wani dare cikin hunturu, iska kamar za ta ɗauke ɗakin. Jirgin kaya ya wuce, na leƙa, ba ja. Na buga wa na gaba ƙararrawa tara a jere ya tsayar da shi, na buga wa na baya huɗu da biyar kada ya sako kowa. Jirgin fasinja ya yi ta jira a cikin sanyi."

"Sai aka samu taragun a hanya?"

"Ba a samu komai ba. Fitilar kananzir ce, iska ta hure ta. Mai gadi ya sake kunnawa, suka tafi. Washegari na sha mita wurin direbobi."

Yaron ya yi dariya. "Ashe a banza ka tsayar da mutane."

"Duk lokacin da na yi haka, fitila ce ta mutu. Ko sau ɗaya ban taɓa kama jirgin da ya tsinke ba. Amma daga tagar nan, daren da fitila ta mutu da daren da taragu suka tsinke kamarsu ɗaya."

"Kaka, wannan fa na roba ne. Ba kowa a ciki."

"Na sani. Ni ne dai ban iya ba shi hanya ba. In kana so, ɗauke shi da hannu ka tsallakar da shi siginar, ba mai hana ka."

Yaron ya dubi jirgin, ya dubi siginar. Hannu ɗaya zai miƙa. Bai miƙa ba, ya ajiye na'urar ya sauka ƙasa fuska a murtuke. A kicin kakarsa mace ta tura masa faranti, ta ce kada ya damu, ita ma shekara hamsin ke nan tana jiran mutumin nan ya yarda cewa wani abu ya yi daidai tun karon farko.

Da sassafe tsohon ya ji motsi a sama. Ko da ya hau, a hankali saboda gwiwa, ya tarar da jirgin a buɗe karo na huɗu, yaron ya sunkuya da gilashin ƙara girma. Ya gano da kansa cewa dikodar tana da sauran wayoyi biyu da ya naɗe ya ajiye jiya, koriya da shunayya, kowace da maɓallinta daban. Ya cire jajayen ƙwayayen daga fara da rawaya, ya ba na wannan goshi koriya, na wancan shunayya, kowane da rizistarsa. Yanzu ja ba ya kamawa sai an ce ya kama. Kafin ya ɗora jirgin a babban layi, sai da ya fara kai shi ɗan guntun dogon gwaji mai ƙaramar wuta, ya ga dikodar ta amsa lambarta lafiya.

Taragon ƙarshe ya fi cin lokaci, domin ba wuta a cikinsa. Sai da suka lanƙwasa siraran ƙarafa suna shafar bayan ƙafafunsa don su ɗebo wuta daga dogo. Wutar da ke kan irin wannan dogo kuwa juyawa take yi gaba da baya ba tsayawa, LED kuma ba ya jure wutar da ta zo masa a juye idan ta yi ƙarfi, don haka suka sa ɗan abin da ke daidaita ta ta bi fuska ɗaya, da kafasita mai riƙe ɗan guzuri saboda kada fitilar ta riƙa ƙyafce-ƙyafce a inda dogo ya yi datti. Tsohon ke faɗin abin da za a ɗauko, yaron ke narka dalma. Azahar ta wuce kafin ɗan jan ɗigo ya bayyana a bayan taragon, bai kai kan allura ba.

Jirgi ya taso, ya hau gada. Tsohon ya bi shi da ido tun daga goshi har wutsiya, ya buga ƙararrawa, ya ja sanda, hannun sigina ya ɗaga.

Yaron ya miƙe yana murza wuya, ya ce shi kam ya gama, yunwa yake ji. Tsohon ya sunkuya ƙarƙashin tebur ya jawo wani kwali, ya buɗe. Kawunan jirgi ne a jere cikin tsumma, kore da shuɗi da baƙi.

"Hutunka saura mako nawa?" ya ce. "Waɗannan goma sha ɗaya ne, kuma uku daga ciki masu tururi ne, fitilarsu a waje ake rataye ta."